Wa Ya Taɓa Ganin Ilektiron?

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zama a ofishin malamai ba. Da ya leƙa wata sakandare a Jimeta a bazarar waccan shekarar, da ya ga Malam Bappayo, malamin fiziks, zaune bakin taga da jan biro a hannu, takardun gwaji jibge a gabansa, bai duba ko ɗaya ba. Idonsa na can gindin dalbejiya, inda Mista Zadok, malamin kemistiri, ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke, wata ɗaliba ta sunkuya tana kallo. Ɗalibar nan Zuhra ce, 'yar Malam Bappayo ta fari.

Ba wani mummunan zato yake yi ba. Zadok mutumin Numan ne, magidanci, dattijo a cocinsu, mai dariyar da ake jiyowa tun daga bakin get. Sun daɗe tare, tebur ɗaya suke ɓare gyaɗa lokacin tara. Abin da ke ƙona wa Bappayo rai ƙaramin abu ne, wanda in ya faɗa za a yi masa dariya: Zadok yana buɗe baki ya ce "Zuhra" kamar yadda mutum zai ce a miƙo masa ruwa, ita kuma ta amsa da fara'a.

Shi kuwa da ya haife ta bai taɓa furta sunan ba. Bafulatanin cikin garin Yola ne, daga gidan da ake riƙe da fulako da hannu biyu, a gidansu kuwa ana jin kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yabonsa, ba a zama a yi doguwar hira da shi. Ana yaye Zuhra aka miƙa ta ga yayarsa, wadda kowa ke kira Gogo, can ta tashi. Shi yana unguwar Damilu da matarsa da ƙannen Zuhra, waɗanda ke hawa wuyansa yadda suka ga dama. In ya je Yola gaida Gogo, yarinyar takan durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. In dole ta sa ya ambace ta, sai ya ce "'yar Gogo". Alhali duk cikin 'ya'yansa ita ce ta ɗauko kansa, ita ce kuma yake so har yana jin tsoron yawan son.

Abin ya samo asali ne daga ajinsa, wannan ne ma ya fi ci masa rai. Wata safiya yana koyar da lantarki, ya cika allo da lissafi, yana cewa ilektiron ne ke gudu a cikin waya, sai ya ga hannu a sama. Nata ne. Ta miƙe ta ce, "Malam, wa ya taɓa ganin ilektiron? In ba wanda ya gan shi, me muke nufi in mun faɗi sunansa?"

Tun da ya fara riƙe alli yake jiran ɗalibin da zai yi masa wannan tambayar. Yara dai su kwafa, su haddace, su zubar a jarrabawa, su manta. Yau ga tambayar ta zo, kuma daga bakin jininsa. Zuciyarsa ta yi fari tas. Amma aji cike yake, kowa kuma ya san ko 'yar wace ce. Ya tsaya ya yi ta zuba mata bayani fuska a sake, gobe a ji a Yola cewa Bappayo ya zubar da kunya yana wasa da 'yar fari a gaban yaran mutane? Sai ya haɗe rai, ya dubi allo, ya ce wannan ba ya cikin silabas, a zauna. Ta zauna. Da aka tashi tara ta kwashi tambayarta ta kai wa Zadok.

Zadok kuwa ba ya iya riƙe abin daɗi a ciki. Ya shigo ofis yana share gumi, ya ce da irin Hausarsa ta Jimeta, "Malam, yarinyan nan naka yana da kai, wallahi. Yau ya kusan kayar da ni."

Ya ba shi labari tiryan-tiryan. Wai ya fara ce mata ai manoman bakin Binuwai sukan wayi gari su ga an tattake musu shinkafa, ga manyan sawu a laka, su ce dorina ce, ko ba su gan ta ba. Sai ta ce dorina ai in ka yi haƙuri a bakin ruwa za ka gan ta, har ka nuna ta da yatsa, shi kuwa ilektiron ko ka shekara kana jira ba zai leƙo ba. Dole Zadok ya sake shiri. Ya ce mata irin waɗannan kalmomin ba da nuni ake sanin ma'anarsu ba. Ma'anarsu tana cikin dokokin da suke zaune a ciki ne: abu mai caji kaza, mai nauyi kaza, wanda ke karkata kaza in ya gamu da maganaɗisu. Kalma ɗaya ce ta ɗaure hasken ƙwan lantarki, da tsatsar kwanon rufi, da hoton talabijin, ta mai da su labari ɗaya. Shi ya sa muke cewa akwai shi.

Bappayo ya saurara yana juya biro. Al'ada ta ce in an yabi ɗan farinka sai ka rage masa tsawo, don haka ya ce surutu ne kawai irin na yaran zamani. A ransa kuwa wuta ce ke ci. Duk abin da Zadok ya faɗa ya san shi, ya ma fi shi sani, kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Misalin dorina! Shi da yake da misalan da suka fi wannan sau nawa. Ranar a kan mashin ɗinsa, daga makaranta har Damilu, amsa yake ba wa Zuhra da ƙarfi cikin iska, yana ɗaga hannu ɗaya yana nuni, saura kaɗan ya take akuyar mutane.

Daga nan kullum sai ya gan su. Yau a gindin dalbejiya, gobe a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, tana rungume da wani littafi da Zadok ya ara mata, littafin da shi Bappayo yake da wanda ya fi shi a cikin akwati. Ya fara ganin laifin Zadok a komai. Dariyarsa ta yi yawa. Yana taunar gyaɗa baki buɗe. Malamin kemistiri ma, mai haɗa ruwan kala-kala, me ya kai shi gonar fiziks? In Zadok ya gaishe shi da "Jam na?" irin Fulatancin da ya tsinta a kasuwa, maimakon ya yi dariya kamar da, sai ya amsa a daƙile.

Ana cikin haka firinsifal ta sanar cewa za a yi taron muhawara kan kimiyya na makarantun jiha, Zuhra ce za ta wakilci makarantar, kuma ita za ta zaɓi malamin da zai shirya ta. Ba wanda ya tsaya tambayar wa za ta zaɓa. Har wani malami ya ce wa Zadok ya fara ɗinka sabuwar riga. Bappayo ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji. Shirya ɗalibi aikin makaranta ne, ba mai cewa an zubar da kunya. Wannan ce kaɗai ƙofar da zai iya zama da 'yarsa su yi magana ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, ga shi wani zai shige ta yana tafe yana dariya.

Kulob ɗin kimiyya yakan zauna ranar Laraba bayan azahar, Zadok ne ke kula da shi, Bappayo bai taɓa leƙawa ba. Wannan Larabar sai ga shi da batir da waya da mita mai allura a cikin kwali. Yara suka bi shi da kallo. Zadok ya tare shi da murna, har da jawo masa kujera, bai san da gatari aka zo masa ba.

Bappayo ya haɗa waya da batir, allura ta motsa. Ya tambayi yara me suka gani. Suka ce allura ta motsa. Ya cire, ta koma. Ya ce ko akwai wanda ya ga wani abu ban da wannan. Babu. Sai ya rubuta lissafin a allo, ya goge kalmar ilektiron duk inda take, ya rubuta Bobboyi, sunan mai shayin bakin get. Aka fashe da dariya. Ya ce su lissafa su gani ko amsar ta canja. Ba ta canja ba.

Daga nan ya shiga tarihi. Ya ce an yi zamanin da manyan masana suka yarda cewa zafi wani ruwa ne marar nauyi da ke kwarara daga abu zuwa abu, suka sa masa suna kalorik, suka yi lissafi da shi, lissafin kuma ya yi aiki. An yi zamanin da suka ce sararin sama cike yake da wani abu da suka kira "ether" da Turanci, wanda haske ke tafiya a cikinsa. Ina suke yau? An tattara su an zubar, ma'aunin zafi kuwa yana nan yana aiki, rana ba ta fasa fitowa ba. Ya ce gani ya kori ji. Sannan ya juyo, ba ga Zuhra ba, ga bangon da ke bayanta, ya faɗi maganar a hankali.

"Duk kalmar da aka ba ku, ku yi mata tambaya biyu. A ce akwai abin, me za a gani? A ce babu shi, me za a gani? In amsar ɗaya ce, to kalmar ba ta ce komai ba. Iska ce kawai aka yi wa suna."

Bai yarda da rabin abin da yake faɗa ba. Ya san inda hujjar take yoyo, da Zadok ne ya kawo ta da shi zai fara yayyaga ta. Amma kishi ba ya tambayar mutum me ya yarda da shi, Bappayo kuwa in ya so magana ba a kama ƙafarsa. Zadok ya yi ƙoƙari. Ya ce kalmar ta kai masana ga abubuwan da ba a taɓa aunawa ba sai daga baya, da iska ce da ba ta yi haka ba. Magana ce mai nauyi, sai dai ya faɗe ta yana in-ina, yana tsalle daga Turanci zuwa Hausa, yana sosa ƙeya. Bappayo ya ce to abin da aka auna daga bayan ma ai allura ce ta nuna shi. Yara suka tafa. Zadok ma ya tafa, har da cewa yau ya sha kaye, wannan kuma ya rage wa Bappayo daɗin nasarar.

Amma ya ga abin da ya zo nema. Ta gefen ido ya hango Zuhra ta daina rubutu, ta zuba masa ido kamar yau ta fara ganinsa. Ya kwashe kayansa ya fita fuska a murtuke, yadda ya kamata. A hanya ya tsaya ya sayi mangwaro cike da leda ya kai gida, matarsa ta yi ta tambaya ko an yi masa ƙarin girma ne.

Ranar Asabar da hantsi ya kama hanyar Yola. Ya ce gaida Gogo zai je, amma shi ya san abin da yake son ji. Lokacin ana wahalar mai, mashin ya mutu masa a bakin unguwa, ya ƙarasa yana turawa, shi ya sa ba wanda ya ji isowarsa. Ya jingine shi a zaure. Zai yi sallama ke nan ya ji an ambace shi a bayan zana, sai ya dakata. Gogo ce da Zuhra, suna tsinke yakuwa suna hira da Fulatanci.

Zancen taron suke yi. An ce kowane ɗalibi ya gayyato iyayensa, Zuhra kuwa tana cewa Gogo kaɗai za ta gayyata. Gogo ta ce to Babanta fa? Zuhra ta ce Baba ai zai zo a matsayin malami, kuma malami ne da ba ta taɓa jin irinsa ba, amma kujerar iyaye ba ta ga dalilin ɗora masa ita ba, kada ta takura masa. Ba da fushi ta faɗa ba. Da fushi ne da ya fi sauƙi.

Gogo ta yi salati. Ta ce yarinya ba ta san duniya ba. Ta ce mutumin nan ya fi son ta a kan idonsa, kunya ce kawai, haka aka gada. Ita ma 'yar fari ce, mahaifinsu har ya koma ga Allah bai kira sunanta ba, amma ta san yana son ta.

"Ta yaya kika sani, Gogo?"

Gogo ta ce ai sani ne kawai, a ciki ake jin sa.

"Ni ban ji ba," in ji Zuhra. "Na yi ta tunani tun ranar Laraba. A ce yana sona, me zan gani? Zai amsa gaisuwata yana kallon bango, ya ce mini 'yar Gogo. A ce ba ya sona, me zan gani? Shi ke nan dai. Ba rashin kunya nake yi ba, Gogo. Baba ne da kansa ya koya mana, kuma ya yi gaskiya."

Gogo ba ta san komai game da Laraba ba, sai ta hau faɗa cewa boko ya ɓata yara. Bappayo na tsaye a zaure, komai a kunnensa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa ya yi shekaru yana horar da tasa fuskar kada ta ba da labari, ta kuma koya sarai. Taku kaɗan ne tsakaninsa da su. Zai iya ɗaga zanar ya shiga, ya buɗe baki ya kira ta. Ya gwada a ransa, harshensa ya ƙi, ga Gogo a zaune, ga maƙwabta ana jin motsinsu ta katanga. Ya ja mashin ɗinsa a hankali ya fita kamar ɓarawo, ya tura shi cikin rana har inda masu bumburutu ke sayar da mai a galan.

Washegari Lahadi, da ya daidaici an taso daga coci, ya nufi Limawa gidan Zadok. Bai taɓa zuwa ba sai ranar suna ko ta'aziyya. Ya same shi a tsakar gida da singileti, babbar 'yarsa Kezia, ita ma 'yar fari, ta dafa kafaɗarsa tana cire masa furfura suna musu a kan ko guda nawa ta samu. Bappayo ya kawar da kai. Kishin da ya ji a gindin dalbejiya wasa ne a kan wannan.

Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, zancen zafi, zancen mai, zancen wutar da ba a kawowa. Da ƙyar ya iso. Ainihin abin da ya kawo shi dai ba zai faɗu ba, don haka ya ce maganar da ya yi ranar Laraba akwai gyara a cikinta. Ya ce shi kansa bai yarda da ita ba, gardama ce kawai ta ɗebe shi. Abin da ba a gani yana iya kasancewa, kalma kuma tana iya ɗaukar fiye da abin da aka auna. Yana roƙon Zadok ya koma wurin yara ya rushe ta, musamman wurin 'yar Gogo, tunda tana jin maganarsa. Faɗin wannan jimlar ta ƙarshe ya fi masa tura mashin wuya.

Zadok ya dube shi da mamaki, sannan ya yi dariyar nan tasa. Ya ce ai ya riga ya gwada, Alhamis da Juma'a duka. Ya kawo mata duk abin da ya sani, ta saurara da ladabi, ta mayar masa da amsa ɗaya bayan ɗaya da kalmomin ubanta. Ta ce duk abin da yake akwai ba zai rasa alama ba, ko da 'yar ƙarama ce. Kuma ta riga ta je wurin firinsifal ta faɗi wanda ta zaɓa.

"Kai ne, Malam. Gobe yarinyan zai zo wurinka, kuma wannan magana naka ne zai kare a gaban duk jiha. Ka ci, ni na sallama."

Abin da ya yi wata da watanni yana nema ke nan, an miƙo masa a hannu. Ya ce wa Zadok, murya ƙasa-ƙasa, amma ai shi Zadok ne mai gaskiya, akwai abubuwan da suke nan ko ba a gan su ba.

"Suna nan mana," in ji Zadok, yana miƙa masa kofin ruwan da Kezia ta kawo. "Amma ko ni ban ce a yarda da abin da ba ya taɓa komai ba, Malam. Ilektiron ɗin nan, duk ɓuyansa, ai yana motsa allura."

Bappayo ya karɓi kofin da hannu biyu. Ya daɗe yana riƙe da shi bai sha ba, har Kezia ta tambayi babanta a hankali ko ruwan bai yi sanyi ba ne.